Maƙeran Farfaru da Fataken Kayan Ƙawa a Daular Sakkwato: Daga Sifawa zuwa Kanton

Gabatarwa

Masu nazarin sana'o'in Hausawa sun yi rubuce-rubuce da dama a kan saƙa da rini da dukanci da ƙirar baƙi. Amma da wuya a sami wanda ya tsaya tsaf a kan maƙerin farfaru, watau mai aikin azurfa da tagulla da dangoginsu, balle a ce ya haɗa shi da attajirin da yake kawo kayan ƙawa daga nesa. Mu kuwa a namu gani waɗannan mutane biyu ba su rabuwa, domin da abin da ɗaya ya ɗauko a bayan raƙumi ɗayan yake hura wuta. Manufar wannan takarda ita ce mu duba yadda suka zauna da juna a Daular Sakkwato, tun daga zaman da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi a Sifawa har zuwa shekarun da suka biyo bayan zuwan Turawa. Za mu kuma kwatanta su da takwarorinsu na birnin Kanton a ƙasar Sin, waɗanda a daidai wannan zamani suke narka irin kuɗin da namu maƙeran suke narkawa, amma sana'arsu ta bi wata hanya dabam. Tambayar da muke so mahalarta su riƙe a zuci ita ce: me ya sa a Kanton aikin azurfa ya zama cinikin kantuna masu suna da hatimi, a nan kuwa ya tsaya a matsayin aikin lada, wanda mai kaya yake kai wa maƙeri har gindin zuga-zuginsa?

Inda azurfa ta fito

Sunan ƙarfen kansa ya isa shaida. Kalmar azurfa aro ce daga harshen Buzaye da danginsa na hamada, kamar yadda zinariya ta samo asali daga dinari na Larabci. Ƙasar Hausa tana da tama har ta wadaci maƙeran baƙi, tana da kuza a Riruwai, ana kuma wanke zinariya kaɗan-kaɗan a wajajen Zamfara da Yawuri, amma ba ta da mahaƙar azurfa wadda za a dogara da ita. Saboda haka duk munduwar azurfar da aka gani a hannun wata 'yar sarki a Wurno ko Gwandu sai da ta ƙetare hamada ko teku kafin ta iso, kuma galibi a siffar kuɗi ta yi wannan tafiya.

Kuɗin da ya fi shahara shi ne liyari, daga riyal na Larabci, watau dalar ƙasar Ostiriya mai ɗauke da hoton Sarauniya Mariya Taresa. Sarauniyar ta rasu a shekarar 1780, amma saboda karɓuwar da kuɗin ya samu a ƙasashen Larabawa da Habasha da Sudan, aka ci gaba da buga shi da wannan shekara ba a sake ba. Wannan abin lura ne ga ɗalibanmu masu fita bincike. Wanda ya tsinci liyari a adakar kakarsa, ya ga an rubuta 1780, kada ya yi murna ya ce ya sami shaidar zamanin Bawa Jangwarzo, domin tun daga 1936 har a London an buga shi da wannan shekara. Nauyinsa giram 28 ne da ɗan ɗoriya, kuma kashi 833 cikin 1000 nasa azurfa ce, sauran jan ƙarfe. Na biyunsa shi ne dalar Sifen, wadda ake bugawa a Meziko da Potosi, mai nauyin kimanin giram 27, azurfarta kuwa wajen kashi 900 cikin 1000. Larabawa suna ce mata abu madfa, don sun ɗauki ginshiƙai biyu da ke bayanta igwa ce.

Dokta Barth, wanda aka sani a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a farkon shekarar 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya da wuri 2,500. Ke nan dala takwas daidai suke da keso guda, watau wuri 20,000, kayan da sai ƙato ya ɗauka a ka. Ya kuma lura da abubuwa biyu da suka shafe mu. Na farko, azurfar da fatake suke shigowa da ita kaɗan ce, ba kullum ba. Na biyu, maƙeran azurfa a Kano yawanci su ne maƙeran baƙi, kuma sun gwanance wajen yin zobba da mundaye. Abin da ya fi shigowa da yawa shi ne jan ƙarfe, daga Tarabulus da kuma daga gabas ta hannun fataken Wadai. To, idan azurfa ta yi ƙaranci haka, kuma ga ta da tsada, wane ne zai sa ta, kuma a wace siffa? A nan ne Sifawa ta shigo cikin maganar.

Sifawa da iyakar ado

Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu ya bar Gwandu ya koma Sifawa wajen 1810, ya zauna a nan har 1815, sa'ad da ya ƙaura zuwa Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, dab da shi, Muhammadu Bello kuwa yana can yana gina Sakkwato. A cikin wannan zama ne, a 1812, Shehu ya raba kula da ƙasa tsakaninsu. Waɗannan 'yan shekaru su ne lokacin da Jama'a ta tashi daga masu hijira ta koma masu mulki. Mutanen da suka bar Degel da buzu da gafaka, sai ga su da ganimar fadoji a hannu: alkyabbu da alharini da kayan doki da mundaye. Dole tambaya ta taso a kan abin da ya halatta a yi da su.

Malam Abdullahi ya tsananta. Tun a 1807 ya bar rundunar jihadi da nufin tafiya Makka saboda ganin yadda son duniya ya shiga zukata, har mutanen Kano suka tsai da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. A cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya haɗa a 1813, ya sake kokawa da masu son tufafin alfarma da dawakin sukuwa a gari. Shehu kuwa, a littattafansa na wannan zamani, irin su Misbahu li Ahli Hazaz Zamani da Najmul Ikhwani, ya karkata wajen sauƙaƙawa, bisa ƙa'idar da ya riƙe cewa ba a yi wa mutane inkari a kan abin da malamai suka yi saɓani a kansa. Malam Abdullahi ya bayyana nasa ra'ayi a Diya'us Sultani. Batutuwan sun haɗa da kaɗe-kaɗe da laƙabobin sarauta da tufafi da kuma sa zinariya da azurfa don nuna godiya ga Allah bayan nasara, kuma hujjar da ake kafawa a wannan babi na ƙarshe ita ce ƙissar Suraƙa ɗan Maliku, wanda Sayyidina Umar ya sa wa mundayen Kisra bayan cin Farisa. Abin sha'awa a nan shi ne, wa da ƙane ne, tsakaninsu ba nisa, amma da alƙalami suka yi muhawarar, don ta zama karatu ga na baya.

Abin da ya fi shafar maƙeri, duk da haka, shi ne wanda ba a yi saɓani a kansa ba, watau hukuncin da ke cikin Risala da Muhtasar, waɗanda kowane ɗalibin zaure ya sani. An hana namiji zinariya da alharini. An yardar masa azurfa a wuri uku kawai: zobe, da adon takobi, da adon Alƙur'ani. Risala ta fito fili ta hana sa ta a linzami da sirdi da wuƙa. Zoben ma, a mazhabarmu, kada ya wuce nauyin dirhami biyu, watau kimanin giram 6. Mace kuwa an sakar mata ta yi ado da zinariya da azurfa da alharini yadda ta so. Amma kwanon ci da na sha, da cokali da buta, in na zinariya ne ko azurfa, haramun ne ga namiji da mace baki ɗaya.

Mu dubi abin da wannan yake nufi a maƙera. Liyari ɗaya ya isa zobban maza huɗu har da saura, alhali munduwa guda mai kauri takan cinye liyari da yawa. Ashe ke nan kasuwar azurfa kasuwar mata ce. Bugu da ƙari, a mazhabar Maliku babu zakka a kan kayan adon da mace take sawa, alhali kuɗin azurfa in ya kai dirhami 200 ya shekara sai an fitar. Saboda haka munduwa da awarwaro da 'yan kunne da sarƙa suka zama ado kuma asusu, dukiyar mace ta kanta, wadda take samu ta hanyar sadaki ko gado ko sana'ar kadi, ta sa ran suna da biki, ta kwance ran da fari ya zo. Ba mu ce kowa ya kiyaye iyaka ba. Sarakunan baya sun ƙawata dawakinsu fiye da yadda Malam Abdullahi zai yarda. Amma har a kayan doki tagulla da jan ƙarfe da kuza su suka fi yawa, kuma ba a taɓa samun kasuwar kwanukan azurfa a ƙasar nan ba.

Akwai shaida mai kyau a kan haka daga Kyaftin Clapperton, wanda ya iso Sakkwato a watan Maris na 1824. A cikin gaisuwar da ya miƙa wa Sarkin Musulmi Bello akwai bindigogi biyu masu adon azurfa da jar alkyabba mai zaren azurfa. Abincin da ake aiko masa daga fada kuwa a farantan kuza yake zuwa, masu ɗauke da hatimin London. Kayan Turai sun riga sun iso, hatimi ma ya iso, amma teburin mai mulkin daula mafi girma a wannan sashe na Afirka bai wuce kuza ba.

Maƙeri da mai kaya

Hausawa sun kasa ƙira gida biyu, ta baƙi da ta fari, ko babbaƙu da farfaru. Ta baƙi ita ce uwa, ita ke ba manomi fartanya da garma, ta ba mayaƙi mashi da kibiya, ita kuma ta fi riƙe sarautar Sarkin Maƙera. A Sakkwato unguwar Maƙera Assada ita ce sananniyar mazaunarsu. Maƙerin fari kayan aikinsa ƙanana ne: ɗan zuga-zugi, da ƙaramar uwar maƙera, da masaba, da awartaki, da magagari, da ɗan kaskon narki, da ma'auni. Yakan narka ƙarfe ya zuba ya zama sanda, ya buge ta, ya ja ta ta zama waya, ya murɗa, ya liƙa, ya zana. In aikin zubi ne yakan fara siffanta abin da kakin zuma, ya lulluɓe da yumɓu, ya gasa kakin ya tsiyaye, sa'an nan ya zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa.

Yadda ake ba shi aiki shi ne zuciyar maganarmu. Mai kaya shi ke zuwa da azurfarsa, ko liyari ko tsohuwar munduwa. A auna a gabansa, a faɗi abin da ake so, a yi jinga. In an gama a sake aunawa, a biya lada. Dalilai uku muke gani sun haɗu sun tabbatar da wannan tsari. Akwai na shari'a: azurfa da azurfa ba a musanya su sai nauyi daidai da nauyi, hannu da hannu, kuma Muwaɗɗa ta kawo labarin wani maƙerin zinariya da ya nemi Abdullahi ɗan Umar ya yardar masa ya sayar da abin da ya ƙera fiye da nauyinsa, ya ci ribar aikin hannunsa, ya hana shi. Gaskiya ne sayar da munduwa da wuri bai shiga wannan hani ba, amma karɓar lada a kan kayan wani ya fi nisa daga shubuha. Fiƙihun Malikiyya kuma ya ɗora wa mai sana'a lamunin abin da aka ba shi in ya salwanta a hannunsa, wannan ya kwantar wa mai kaya da hankali. Akwai kuma na jari: wanda zai tara mundaye a rumfa yana jiran mai saye sai ya daskarar da kesuna masu yawa, maƙeri kuwa ba attajiri ba ne.

Dalili na uku shi ya fi muhimmanci a wurinmu, shi ne amana. A Ingila, tun ƙarni na 14, akwai ma'aikatar da take gwada azurfa ta buga mata hatimi, don mai saye ya san kashi 925 cikin 1000 ya biya wa kuɗi. A nan babu irin wannan ma'aikata, amma ba a bukace ta ba, domin liyarin kansa shi ne hatimi. Kowa ya san nauyinsa da ƙararsa in an kaɗa shi, har ana duba 'yan ɗige-ɗigen da ke jikin adon sarauniyar don a gane ko ya goge. Mai kaya ya san abin da ya kawo, ya san maƙerin, ya san ubansa, sau da yawa ma yana zaune a maƙerar aka narka. Wanda ya surka da darma ko jan ƙarfe, kafin kasuwa ta zagayo gari ya ji. Inda sanayya ta kai haka, me za a yi da suna a bayan munduwa?

Sai dai wannan ya bar mana hasara, mu masu tarihi. Abin da ba shi da hatimi ba ya faɗin wanda ya yi shi, abin da kuwa darajarsa a nauyi take, ƙarshensa kasko. Munduwar kaka ita ce ta zama 'yan kunnen jika. Shi ya sa tsofaffin kayan azurfa suka yi ƙaranci a gidajen tarihinmu, in aka kwatanta da riguna da takubba da littattafai. Tarihin wannan sana'a a bakin zuriyar maƙera yake, a Sakkwato da Boɗinga da Yabo da Shagari da Gwandu, kuma kowane tsoho da ya kwanta dama da nasa rabon yake tafiya.

Masu kawo kayan ƙawa

Attajiran da suke riƙe da cinikin hamada a ƙarni na 19 yawancinsu Gadamusawa ne da Larabawan Fezzan da Tarabulus, Kano ce kuma babban masaukinsu. Su ne ainihin waɗanda ake kira Turawa kafin zuwan Nasara, shi ya sa unguwarsu ta ci sunan Dandalin Turawa. Kayansu sun haɗa da alharini da mulufi da alkyabbu da dara da turare da murjani da madubai da allurai, da duwatsun wuya na Fenis, da takardar Italiya mai alamar wata uku wadda malamanmu suka rubuta littattafai a kanta, da ruwan takubba na Solingen a Jamus, waɗanda Barth ya ƙiyasta suna kai 50,000 a shekara. Waɗannan takubba tsirara suke zuwa. Maƙeran ƙasa su ke yi musu ƙota, dukawa su yi kube, maƙerin fari ya ƙawata. A jikin takobi guda sai ka tarar da aikin Bajamushe da jarin Bagadamushe da hannun Bahaushe.

Barth ya lura cewa da yawa daga cikin waɗannan Larabawa wakilai ne kawai na manyan gidaje da ke Gadamus da Tarabulus. Ba su da kanti irin wanda muka sani. Kaya a soro suke, fatoma ya sauki baƙo, dillali ya haɗa ciniki ya karɓi la'ada, a ba da bashi a jira ayari na gaba. Manyan kaya fada ake fara kai su, wani a matsayin gaisuwa, wani a saya, sarki kuma ya raba wa hakimai da malamai da barori. Ƙanana su sauka hannun 'yan koli a Kasuwar Kurmi, daga nan dillalai mata su shiga da su gidajen kulle. Daga Kano kaya sukan yi yamma zuwa Sakkwato da Wurno, su bi ta Boɗinga da Shagari su nufi Gwandu, hanyar da Barth ya bi a 1853, da kuma babbar kasuwar Jega. Daga kudu kuma tasoshin tagulla da ƙarau na Bida suna haurowa, daga arewa aikin maƙeran Agadas yana gangarowa. A lura, da sunan gari ake sanin kaya, a ce aikin Bida, aikin Agadas, aikin Kano.

Kanton

Daga 1757 zuwa 1842 Sarkin Sin ya taƙaita cinikin Turawan teku a tasha guda, Kanton, inda aka keɓe musu 'yan gidaje a bakin kogi. Abin da suke nema shi ne ganyen shayi da alharini da tangaran, abin da Sinawa suka fi so a biya su da shi kuwa azurfa. Dalolin Sifen suka yi ta kwarara, musamman bayan da jiragen Amurka suka fara zuwa a 1784. Maƙeran Kanton sun tsinci kansu a cikin yalwar abin da namu suke nema da fitila, ga kuma baƙi a bakin ƙofa waɗanda suka gane aikin hannu ya fi araha a nan fiye da London ko Boston. Mai jirgi sai ya kawo cokali ko butar shayi daga gida ya ce a yi masa irinsa. Aka yi ta ƙera cokula da faranta da kofuna da tasoshin miya, watau daidai abubuwan da Risala ta rufe wa maƙerin Sakkwato ƙofarsu.

Mai saye a Kanton baƙo ne, gobe zai tashi, kayan kuma za su sake shiga hannun wasu baƙi a wata nahiya. Saboda haka aka bukaci hatimi. Da fari aka kwaikwayi na Ingila, har da hoton zaki da kan sarki, ba tare da wata ma'aikatar gwaji a bayansu ba, kuma kwaikwayon ya yi kyau har aka daɗe ana ɗaukar kayan na Ingila ne. Littafin da Crosby Forbes da abokan aikinsa biyu suka fitar a 1975 shi ya buɗe wa masana ido sosai a kan wannan fanni. Sunayen da suka shahara a zamanin farko sun haɗa da Cumshing da Sunshing da Cutshing da Khecheong. Bayan yarjejeniyar Nankin ta 1842, wadda ta miƙa tsibirin Hong Kong ga Ingila ta kuma buɗe Shanghai da wasu tashoshi, ciniki ya bazu, aka sami Wang Hing a Hong Kong, da Luen Wo da Tuck Chang a Shanghai. Salo ma ya sake, aka koma zana gora da furanni da macijin almara na Sin, ana kuma buga lamba 90 don nuna yawan azurfa, adadin da ya yi kusa da na dalar da aka narka.

Wani abu da bincike na baya-bayan nan ya tabbatar shi ne, yawancin waɗannan sunaye na kantuna ne, masu sayar da azurfa tare da alharini da hauren giwa da duwatsu masu daraja. Ainihin maƙerin, in ya samu shiga, ɗan hatiminsa na rubutun Sinanci ne a gefe, wanda mai saye Bature ba ya iya karantawa. Saboda haka kada mu yi saurin cewa maƙerin Kanton ya fi namu sa'a. Shi mai kanti ya rufe sunansa, namu kuwa sunan gari da na mai sawa suka rufe nasa. Bambancin da ke akwai shi ne, a can ɗan kasuwa ya shiga tsakanin maƙeri da mai saye, ya riƙe jari da salo da suna, a nan kuwa attajiri ya tsaya a kawo ƙarfe, ya bar maƙeri da mai kaya suna fuskantar juna. Wannan ciniki na Sin ya durƙushe da yaƙin Japan, wadda ta kama Hong Kong a watan Disamba na 1941, da kuma juyin mulkin 1949.

Bayan 1903

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato kuma ranar 15 ga Maris. Azurfa ta shiga fada ta wata ƙofa, domin sandar da suke ba sarki mai daraja ta ɗaya kanta na azurfa ne, ta mai daraja ta biyu na tagulla. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, shekarar da Italiya ta afka wa Tarabulus, ayarin hamada ya mutu a tsaye. Kayan ƙawa suka koma shigowa ta Ikko, a hannun kamfanoni irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO, da kuma Kwarori, aka sami kanti mai suna a goshi a karo na farko.

Maƙerin fari bai rasa abinci nan da nan ba. Hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1912, ta fara fitar da sule da fataka da sisi da taro na azurfa a 1913, mata kuwa suka yi musu abin da iyayensu suka yi wa liyari: wasu a huda a rataya, wasu a kai kasko. A 1920, da azurfa ta yi tsada a duniya, aka sauya kuɗin da na gaurayen tagulla, wannan rijiya ta ƙafe. Sannu a hankali sanholo ya maye gurbi a hannun talakawa, masu hali kuma, musamman bayan arzikin man fetur na shekarun 1970, suka koma ga zinariyar Makka da Jidda, daga baya ta Dubai, wadda take zuwa a ƙere.

Ita kuwa ƙasar Sin ta wata hanya ta shiga ɗakin amaryar Bahaushe. A shekarun 1950 kwanuka masu fenti na Hong Kong suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, da aka tsananta harajin shigo da kaya kuma masu masana'antun suka taso da injinansu suka kafa a Ikko da Kano. Langa da fanteka da kumbo suka ture ƙwarya da tasar Bida a wajen jere, aka shiga auna gatan amarya da tsawon layinsu a jikin bango, kamar yadda a da ake auna shi da nauyin abin da ke wuyan hannunta.